Motar da ta ari fuskar motar Baba

Har yau in na buɗe ƙofar motar da ta daɗe a rana, warin fetur da na robar kujera mai zafi ya bugi hancina, sai in ji kamar ina riƙe da langar tuwo. Hannuna ma yakan lanƙwashe da kansa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Amma ido Allah ya ba ni, kuma abin da na gani shi zan faɗa maka.

A unguwar Nima aka haife ni, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ko gawa za a fitar, a kafaɗa ake ɗauka har bakin titi. Baba direban tasi ne. Kullum bayan azahar yakan tsaya kusa da wata mai gasa masara, ya danna hon sau biyu, ni kuma in tsallake kwata in kai masa abinci. Shekarata bakwai ko takwas.

A lokacin motoci suna da fuska. Akwai mai ƙwala-ƙwalan idanu kamar kwaɗo, akwai mai doro irin na kunkuru, akwai trotro, motar hayar jama'a, mai jikin katako da dogon hanci, wadda in ta taho sai ka ce haƙora take nuna maka. Kaka, mahaifiyar Baba, idonta ya riga ya yi rauni, amma daga kan tabarmarta take gane kowace da tarinta. Takan ce, "Ga mai ciwon ƙirjin nan ta dawo daga New Town." Kuma ita ce.

Motar Baba tsohuwa ce tukuf, tun kafin a sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, don haka sitiyarinta a dama yake. In ya tsaya, yana gefen kwata, ba sai na taka titi ba, ta taga kawai nake miƙa masa. Fitilarta ta dama ta lotsa ciki, kamar mai kanne ido. Yana kirana Uwata, domin sunan Kaka aka sa mini. Duk gidan shi kaɗai ke kirana haka.

Ranar da nake ba ka labari, zafin nan ne na gab da ruwa. Sama ta yi nauyi, kwanon rufi sai ƙara yake yi shi kaɗai, kwata tana ta tashi da wari. Hon ya zo sau biyu tun ladan bai kira salla ba.

Mma, mahaifiyata, ta ce, "Yau yunwa ta koro ubanki da wuri." Ta zuba tuwo da miyar ayoyo, ta ɗaure langar da ƙyalle.

Kaka ta ɗaga kai. "Takwara, tsaya," in ji ta. Ta karkata kunne, ta daɗe. Daga baya ta ce, "Je ki. Wataƙila kunnena ne."

Motar tana nan inda ta saba tsayawa. Fentin nan, tsatsar nan, har carbin da ke lilo a madubi. Na je taga na miƙa langa yadda na saba, ban ko duba ba. Babu hannun da ya karɓa.

Kujerar babu kowa. Babu ma sitiyari a wurin.

Wani mutum yana ɗaya gefen, gefen titi, hannayensa biyu a kan sitiyari. Hularsa irin ta Baba ce, rigar ma haka. Bai juyo ba, gabansa kawai yake kallo. Ya ce, "Uwata, zagayo ki shiga."

Muryar ba ta da laifi. Ƙafata har ta fara tafiya. Da na zo gaban motar, sai na dubi fuskarta, kamar yadda kake duban fuskar mutum kafin ka gaishe shi. Fitilar da ta lotsa tana nan. Amma ta hagu ce.

Na tsaya ina duban hannuna, ina tuna wanda nake cin tuwo da shi. Mai gasa masara tana fifita garwashinta, taku uku daga inda nake, ba ta ko ɗago ba. Ƙofar baya ta buɗe a hankali. Ban ga ya miƙa hannu ba.

"Uwata," ya sake cewa, daidai yadda ya faɗa da farko, bai ƙara ba, bai rage ba.

Ban yi ihu ba. Na juya da langar a ƙirjina, na bi lungu ina tafiya kamar wadda aka aika, miya tana zuba a rigata. Ban waiwaya ba har na shiga gidanmu.

Baba ya zo bayan salla, hannunsa baƙi ƙirin, taya ce ta fashe masa a unguwar Kanda. Ya yi dariya da farko, ya ce rana ce ta taɓa mini kai. Da na faɗi sunan da aka kira ni da shi, sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. Mai gasa masara ta rantse babu motar da ta tsaya. Sauran matan gidanmu suka ce masu satar yara ne, sun daɗe suna lura da mu. Baba ya kwana uku yana zaga makanikai daga Maamobi har Kokomlemle, babu wanda ya taɓa ganin mota mai kama da tasa.

Daga baya Kaka ta zaunar da ni tana tsefe mini kai. Ta ce, "Abin da ke kwaikwayonka, tsayawa yake yi yana kallonka fuska da fuska. Shi ya sa damarka take zama hagunsa. Duk iyawarsa, a nan yake kuskure." Daga ranar ta hana Baba gyara fitilar, har motar ta mutu.

Yanzu ina da 'ya, ta shiga shekara biyar. Ka fita titi ka duba da kanka. Duk motocin sun yi sumul kamar sabulun da aka yi wanka da shi, launin toka, idanu a tsuke, gilashi mai duhu. Mijina yana tuƙa wa wani Alhaji irinsu. Shi mijin nawa ya ce ba su yi kama da juna ba, in dubi tambarin gaba. Wataƙila ga mai ilimi haka ne. Ni dai tunanina ɗaya: abin nan da ya sha wahala yana kwaikwayon tsatsa da carbi, yanzu ba ya bukatar koyon komai.

Ranar Juma'a da ta wuce ni da 'yata muna bakin titi, motoci uku suka tsaya a jere. Yarinyar ta fizge tana cewa ga Babanta. Na damƙe ta har farcena ya shiga fatarta, ta fashe da kuka. Gilashin ta tsakiya ya sauka, sai ga mijina yana cewa, "Ke kuma lafiya? Za ki karya mini 'ya."

Shi ne. Yarinyar ta yi daidai, ban san ta yaya ba. Na tambaye ta a gida, ta ce ita ma ba ta sani ba, gani kawai ta yi ya kira ta da hannu.

Mijina ya ce hannunsa bai bar sitiyari ba.