Inna Ladi, Wadda Ta Shayar Da Ni

Ina cikin kaɗa nono a rugarmu ta Tozai wani bafatake ya yi sallama, ya ce Inna Ladi ta Kalmalo ta rasu da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna da ƙwarya a cinya, ina jin ƙamshin hayaƙin zaninta kamar yanzu ta gifta.

Ba ita ta haife ni ba. Uwata ta rasu ina jaririya, a shekarar da mazan rugarmu suka tafi ribaɗi, wato zaman tsaron iyakar ƙasa. Inna kuwa 'yantacciyar baiwa ce, baƙa wuluk, tana goyon ɗiyarta Tani. Ta haɗa mu a ƙirji, Tani dama, ni hagu.

Da na yi wayo, yaran ruga suka dame ni wai nonon baƙa zai rina ni. Kullum sai na duba hannuna. Ranar da na je mata da kuka, har yau kamar a mafarki nake ganinta: tafki shiru, balbelu na sauka, ita tana wankin kifi. Ba ta zagi kowa ba. Ta ɗora hannuna kan nata ta ce, "Duba da kyau, ɗiyata. Ni baƙa, ke ja, haka Allah Ya so, ba abin ɓoyo ba ne. In sun sake, tambaye su mi baƙar fata ta yi musu. Ki tsaya ki ji amsa, kar ki gudu." Na tambaye su kuwa, wallahi sai kallon ƙasa.

Takan ce wa iyaye, "Ku amsa wa yaro tun yana tambaya, kafin wani ya amsa mishi da ƙiyayya."

A gidan makoki gwaggona ta raɗa mini in yi gaisuwa in fito, kada in zauna cikin masu karɓa, mutane za su yi magana. Ɗiyata Hajo tana ji. Ta ja zanina ta ce, "Inna, mu gaisuwa muka zo, ko mu za a gaisar?"

Na ce, "Mu za a gaisar. Kakarki ce ta rasu." Na ja ta muka zauna kan tabarmar 'ya'ya, kafaɗata jikin ta Tani.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya shayar da ita daga Alkausara. Ya raya jikokinta da zumunci. Ni da Tani kuwa, Allah Ya ba mu haƙurin rashin uwa. Amin.