Maƙwabciya da Kwandon Wankinta

Duk wanda ya tashi a zamanin talabijin mai baƙi da fari, in ka ce ya ambato maka 'yan wasan da yake tunawa, da masu manyan idanu zai fara, sai masu iya kuka. Ba zai ambaci Gwaggo ba. Sai na ce, "Maƙwabciya fa, mai kwandon wanki?" Nan take zai dafe kai ya ce, "Kai, matar nan! Tana raye kuwa?" Tana raye, ɗakinta ma yana jikin nawa, kuma ni tambayar nan haushi take ba ni.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Aurenta ɗaya, mijin ya rasu da wuri bai bar mata ɗa ba, ta dawo gidanmu da akwatinta da dutsen gugarta. Aikin guga aka ɗauke ta a gidan talabijin, a wani ƙuntataccen ɗaki inda ake rataye kayan 'yan wasa. Da aka fara wasan kwaikwayo na mako-mako, sai aka rasa wadda za ta riƙa leƙowa ta ari gishiri ko ashana ta fita. Wani ya ce a kira mai guga ta tsaya. Haka ta zama Maƙwabciya, sunan ya bi ta har kasuwa da asibiti. In an gama wasa sunaye suna wucewa a allo, ita tana cikin "da sauransu".

Sharaɗi ɗaya ta kafa musu, ba za ta shiga gaban kyamara hannu Rabbana ba. Ta ce wa mai shirya wasan, "Ni ban taɓa ganin macen da ta shiga gidan maƙwabta ta tsaya ƙiƙam hannuwa a sake ba. Ku ba ni abin yi." Da ya yi mata kunnen uwar shegu, sai mako na gaba ta iso da kwandon wankin gidanmu a kai. Wankin gaske, wanda Mama ta kwashe daga igiya da rana. Daga nan ya zama ƙa'ida. Baba ya yi ta neman rigarsa zai fita, a ce masa ai ta tafi talabijin. Abokansa suka sa shi gaba da tsokana, wai rigarsa ta fi shi suna a gari.

Mu ba mu da akwatin talabijin. A shagon tela na bakin titinmu muke kallo, manya a kan benci, mu yara a ƙasa cikin ƙyallaye. Kuma a lokacin kai tsaye ake haska wasa. Gwaggo ta sha ba mu labari: da zarar jar fitila ta kama a saman ƙofa, kowa zai kama bakinsa, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye shi. Ana yi, mutane suna gani a gidajensu, an gama ya wuce. Ita tana ciki, don haka ba ta taɓa ganin kanta ba. Sai ta dawo ta sauke kwando ta ce, "To, yaya na yi?" Mu ce, "Gwaggo, an nuno zanin Mama mai ɗigo-ɗigo!" Iyakar yabon da ta samu a wurinmu ke nan.

Sai da na girma na gane abin da muke kallo. Gwaggo ba a cika ba ta magana ba, amma ban taɓa ganin wanda ya iya sauraro kamarta ba. Maigidan wasan zai zauna yana shirga wa matarsa ƙarya, ita tana gefe tana ninke tawul. Ba za ta ɗaga kai ba. Hannunta ne zai rage sauri, ya tsaya a kan ninki, ta ɗan karkaɗe tawul ɗin sau ɗaya da ƙarfi, shi ke nan shagon tela ya fashe da dariya, don kowa ya san ta gano shi. In ana maganar da ta faranta mata, ninkin ya riƙa tafiya kamar tana waƙa. Wani lokaci bayanta kawai ake gani, amma daga kafaɗarta za ka san abin da ke ranta. Wallahi har yau ban san inda ta koyo wannan ba, kuma in ka tambaye ta sai ta ce ita wanki kawai take ninkewa.

Akwai wani mako da har gobe tsofaffi ke maganarsa. A cikin wasan, ɗan gidan ya tafi neman aiki, sai aka zo da labarin mota ta kife da shi. Yaron nan a gaban Maƙwabciya ya girma, ita ke yi masa wanki tun yana ƙarami. An shirya fitowar ne don uwar yaron, babbar tauraruwar wasan, kuma ta yi iya yinta. Ta kurma ihu, ta faɗi, ta yi birgima, aka ciccibe ta aka yi ɗaki da ita. A nan ya kamata a rufe. Amma mai kyamara bai kashe ba, sai ya juya kan Gwaggo, wadda aka manta da ita a can baya da rigar yaron a hannu, rabi a ninke.

Ba ta yi kuka ba. Ta warware rigar, ta duba ta, ta ga maɓalli ɗaya yana reto. Ta zare allura daga bakin ɗankwalinta, ta ɗinke maɓallin tsaf, ta yanke zaren da haƙori. Ta ninke rigar, ta ɗora a saman kwando, ta shafa ta. Sannan ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta ɗora su a cinya, ta ɗauke, ta sake shafa rigar. A shagon tela babu wanda ya motsa. Tela, ƙaton mutum mai faɗa, ya tashi ya juya mana baya yana gyara zaren keken da ba abin da ya same shi. Ni ina ƙarama, na kafa wa allon ido ko ƙiftawa babu. Da Gwaggo ta dawo ta ce, "Yaya na yi?" babu wanda ya iya ba ta amsa, sai ta ɗauka wasanta bai yi kyau ba.

Bayan nan talabijin mai launi ta shigo, aka nemo sababbin fuskoki, wasan ya mutu. Gwaggo ta koma ɗakin guga har ta yi ritaya, ko a jikinta. Tauraruwar an karrama ta, an buga hotonta, ta cancanta, ba na ja. Amma duk sanda na ga ana lissafa gwanaye na da ba a sa Gwaggo ba, sai in ji kamar in fasa allon. Da Baba da Mama suka rasu na ɗauko ta ta dawo wurina, da akwatin da dutsen gugar.

Bara idonta ya fara dishi-dishi. Likita ya duba ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Sai wata rana tana zaune a tsakar gida tana ninke kayan jikokina da lalube, ta ce, "Ke, 'yar nan, ni ba makantar ce ke damuna ba. Na ga duniya. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Kowa ya ganni a akwatin nan, ni kaɗai ce ban ga kaina ba."

Washegari na tafi gidan talabijin. Wata mata mai kirki ta zaunar da ni ta yi min bayani, cewa ko 'yan wasannin ƙarshe da aka naɗa, an sake naɗar wasu shirye-shirye a kansu, don kaset yana wuya a lokacin. Ina shirin tashi sai ta ce, "Ki nemi tsohon mai kyamara, yana nan da ransa. Shi ba ya yar da komai."

Na same shi a bayan tashar mota, a wani ɗaki cike da wayoyi da tsofaffin fitilu, ya tsufa tukuf. Ina ambaton Maƙwabciya ya miƙe zaune.

"Ranar maɓalli!" in ji shi. "Kin san saura kaɗan a kore ni a kanta? Mai shiri yana ta yi min ihu a kunne in kashe, in kashe. Na ce a raina, yau ko za a yanka ni ba zan ɗauke ido daga matar nan ba."

"Baba, an naɗa kuwa?"

Ya yi dariya, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya warware tsohon tawul. Kaset ne ƙato, ya fi tafin hannu biyu. Ya ce an yi dace ranar an naɗi wasan don gwaji, shugabanni suka kunna don su duba laifinsa, da suka gama faɗan ya sa kaset a riga ya fito da shi.

Samun kaset daban, samun injin da zai karanta shi daban. Mai gyaran rediyo na kasuwa ya juya shi ya ce rabonsa da irinsa tun yana koyon aiki. Ya yi alkawarin nema, kuma ya nema, ba zan zalunce shi ba. Ya samo inji, bel ɗin da ke juya kaset ya tsinke. Ya samo bel, wani abu kuma ya ƙone. Ina ta sintiri a shagonsa har maƙwabtansa suka fara ce min uwar ɗakinsa. Ni kuma kullum da safe in tsaya a ƙofar Gwaggo in ɗaga hannu in ce, "Kina ganina?" Da farko ta ce tana ganin fuskata. Daga baya ta ce launin zanina. Daga baya ta ce, "Na ga an tare hasken ƙofa, na san ke ce."

Ranar da mai gyara ya iso da injin a bayan babur, la'asar ce ta ranar hutu. Kafin ya gama jona wayoyi labari ya zaga. Falona ya cika, 'ya'yana da matansu, jikoki, maƙwabta, har mai kyamara da sandarsa. Gidanmu dama ba a san mu da shiru ba. Jariri yana tsala kuka, waya tana ƙara, mijina yana gardama da mai gyara kan inda waya za ta shiga, yara suna faɗa a kan matashin kai. Muka ja labule, muka sa wa Gwaggo kujera dab da allo, har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

Hoto ya fito, yana rawa, da ɗigo-ɗigo, amma ya fito. Ga ta nan a baya, siririya, da kwando. Na riƙe kafaɗarta na ce, "Gwaggo, ga ki! Ga ki can!"

Ta ƙura ido, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Ta ce a hankali, "Haske kawai nake gani, kamar ana kaɗa farin zane."

Na fara ƙoƙarin faɗa mata abin da ke allon, ta dafa hannuna ta ce in bari. Jikokina kuwa dariyar ihun tauraruwar suke yi, ɗaya har yana kwaikwayon birgimar a ƙasa. Na ji kamar in kore su duka.

Sai aka fita da uwar yaron, kyamara ta juya. Gwaggon da ke allon ta warware riga, na gane ta nan take, rigar Baba ce mai aljihu biyu. Ta zare allura. Ban san lokacin da dariyar ta ɗauke ba. Mai birgima ya zauna baki buɗe. Surukata ta daina jijjiga jaririn, shi ma ya yi tsit. Wayar wani ta fara ƙara, ya kashe ta ba tare da ya duba ba. Yaran nan da ba sa iya kallon abu na minti ɗaya sai sun taɓa waya, suna zaune suna kallon mace tana ɗinka maɓalli.

Gwaggo ta kau da kai daga allon, ta juyo da kunnenta wajen falon.

"An ɗauke wuta ne?" ta yi min raɗa.

"A'a, Gwaggo. Kina ɗinka maɓalli."

"Mutanen sun fita?"

"Duk suna nan."

Ta saurara. "Wa ya ce su yi shiru?"

"Ba kowa."

"A wurin aiki jar fitila ce ke rufe wa mutane baki," in ji ta. "Nan babu fitila?"

"Babu, Gwaggo. Ke ce."

Hannuwanta suna kan cinya, ta ɗauke su, ta mayar, daidai yadda Gwaggon da ke allon ke yi. Wani ya ja hanci a lungu, ina jin mai kyamara ne.

"Ashe haka ake yi min," ta ce. "Duk shekarun nan."

Kaset ya ƙare, allo ya koma yayyafi. Babu wanda ya tashi. Gwaggo ta laluba ta kamo hannun mijina ta ce, "Ɗana, juya min kujerar nan ta kalli mutane, allon ba ya min amfani. Kai kuma mai gyara, mayar da shi farko."