Ankon Iya Dotun

Duk wanda ya taɓa sauka tashar motar Iseyin da yunwa ya san rumfar Iya Dotun. Sunanta na yanka Sidikatu, amma tun da ta haifi Oladotun ba wanda ya ƙara kiranta da shi, har mijinta kafin ya rasu. Amala take tuƙawa. Tun asuba tana duƙe a bakin murhu, hayaƙi na cin idonta, bakinta kuwa ba ya hutawa. Direba ya ce nama ya yi ƙanƙanta, sai ta ce ya je ya yanki tayar motarsa ya ƙara. Mace ce mai tsiwa da son a sani, wannan kam ba a ɓoye yake ba. Amma da muciyar nan ta kai ɗanta tilo jami'a, yana karatun haɗa magunguna.

Burinta ɗaya ne a duniya: ta ga Dotun da idonta cikin doguwar rigar nan ta kammala karatu da hula mai kusurwa huɗu, ita kuma tana tsakiyar mata, duk sun sha anko. Shekara da shekaru tana sayen ankon mutane, na aure, na suna, na binne tsofaffi, tana rawa a bikin 'ya'yan wasu. Don haka da Dotun ya shiga ajin ƙarshe, sai ta kasa haƙuri. Ta tafi Ibadan ta zaɓo atamfa shuɗiya mai zanen ruwan zinariya, ta raba wa matan tasha.

Ƙawarta Abeke mai sayar da barkono ta riƙe baki. "Ke Iya Dotun, ana fitar da anko ba a sa rana ba? A gidan wa kika taɓa gani?"

"A gidana za ki fara gani. In ba ki da kuɗin ne ki faɗa, in saya miki sadaka."

Abeke ta saya, ta kai ɗinki kamar kowa. Tela bai gama na wasu ba malaman jami'a suka shiga yajin aiki, wai gwamnati ta danne musu alawus ta kuma karya alkawari. Dotun ya dawo da katifarsa ɗaure a saman mota, ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, ya ce, "Maami, kwana kaɗan ne, za su shirya."

Ba su shirya ba. Damina ta zo ta wuce. Kullum rediyo ta ce an zauna, an tashi baram-baram. Dotun ya yi ta bitar littattafai har ya gaji, ya koma barcin rana, daga baya ya karɓi babur ya shiga acaɓa. Yaron da ake nunawa da yatsa a unguwa shi ne yanzu yake cacar baki da fasinja a kan canji, ga tabon salansa a ƙwaurinsa. Cikin abokan karatunsa wata ta yi ciki, wani ya bi hanyar sahara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A wannan tsakanin ne idon Iya Dotun ya fara rufewa daga gefe. Ta ɗora wa hayaƙi laifi, amma likita ya ce hawan jinin ido ne, magani na iya rage masa gudu, abin da ya tafi kuwa ya tafi. Ba ta yi kuka ba. Ta koma lissafi a zuci, tsakanin idonta da yajin aiki wanne zai riga wani ƙarewa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta rasa miji.

Wata rana wani mutum mai furfura ya zauna a bencinta, ya ce a zuba masa amala ba nama. Dotun na ganinsa ya zube ƙasa, ashe Dokta Faleye ne, malaminsu, ya zo sayar da ƙwai a bayan motarsa. Iya Dotun ta ajiye muciya.

"Au, kai ne? Baba, ku da gwamnati kuke dambe, ni kuke naushi a ido. Me na ci muku?"

"Iya, rabona da albashi tun kafin azumi. Ni ma 'yata tana gida zaune, ajinsu ɗaya da ɗanki."

Ta buɗe baki, ta rasa wanda za ta zaga. Ta tsoma ludayi ta jefa masa tsoka biyu, ta ce, "Ci ka tashi mini daga benci."

Su kuwa mata, zane ba ya jiran gwamnati. Wannan ta sa nata zuwa suna, waccan zuwa kasuwa, wata ta mayar da ɗankwalin majanyin goyo. Iya Dotun tana hango shuɗin nan dishi-dishi yana gilmawa a tasha, yana ƙara koɗewa, ba ta san ko atamfar ce ko idonta ba. Nata yana ƙasan adaka cikin kafur.

Da aka janye yajin aikin, sai da aka ƙara kusan shekara kafin jarrabawa da sa ranar biki. Kafin nan ta daina bambance rana da inuwa, Abeke ce take riƙe mata rumfa.

Ranar bikin Abeke ta ɗaura mata gwaggwaro, aka cika mota da mata da masu kalangu. A filin jami'a ta yi ta juya kai tana tambaya, "Kowa ta sa ankon? Ya muka fito?"

"Wallahi kamar yau aka yanko shi daga kanti," in ji Abeke. "Kowa mu yake kallo."

Iya Dotun ta lalubo hannun rigar ƙawarta ta murza. Ya yi laushi, ya siɗe kamar matacin koko, ga faci a gwiwar hannu. Ta saki.

Can sai ta ji mutum ya kwanta a ƙafafunta. "Maami, ga ni."

Ta ɗago shi, ta bi rigar da tafin hannu tun daga kafaɗa har ƙirji, ta hau kan hular tana taɓa kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Masu kalangu suka matso suna kiran sunanta, ta ɗaga musu hannu su dakata.

"Dotun," ta ce a hankali, "rigar nan wace kala ce?"