Malam Garba ya tafi, maganar Inna tana kulle a filas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaure buhun taki a bayan mashin aka kira ni: Malam Garba mai buga takardu na Gummi ya rasu. Buhun yana nan ƙasa har yanzu.

Kun san ni, aji huɗu na yi na ce boko ya ishe ni. Duk takardar da ta taɓa fita da sunana shi ya buga ta. In na faɗi shirme sai ya buga hankali, ya ce ai haka na faɗa.

Shekarar da Inna ta fara ciwo na ɗauko ta daga Adabka zuwa shagonsa. Yini biyu tana faɗi yana bugawa: kakanninmu, wa ya haifi wa, gonar wa ta tsaya a wace tsamiya. Shi ya shimfiɗa mata tabarma, ya sayo mata fura.

Da aka gama ya ce, "Bawa, ajiya iri biyu ta. Akwai wadda kowace na'ura ka buɗewa, amma ba ado. Akwai ta wagga manhaja tawa, da furanni a gefe, amma kamfanin da ya yi ta kaɗai ya san sirrinta."

Na ce furanni.

Ya ce, "Furen mi? Gado kaka ajiyewa, ba katin biki ba!"

Na ce Innata ta cancanci fure. Ya yi dariya ya sa mini, ya ba ni takarda da filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta.

Inna ta rasu. Takardar da aka buga, gara ta ci. Saura filas.

'Yata Hadiza ta gwada shi a kwamfuta uku a makarantarsu. Biyu sun ce ba su san fayil ɗin ba, ɗaya ta cika fuskarta da 'yan akwatuna maimakon rubutu. Wai kamfanin ya daina manhajar tuntuni. Tsohuwar kwamfutar Malam Garba kaɗai ke karanta shi.

Makon jiya muka haɗu a kasuwa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kawo filas ɗin ga in juye maka zuwa ajiyar da kowace na'ura ka buɗewa. Ni da kwamfutar duk tari muke."

Filas ɗin yana aljihuna a lokacin. Na ce bari in sayar da akuya tukuna. Na tsaya ba da labari a rumfar mai shayi har aka tashi kasuwa.

Ɗazu ƙaninsa ya ce kwamfutar lambar sirri take tambaya, kuma babu wanda ya san ta.

Hadiza ta tambaye ni sunan kakan Inna. Na manta, sunan yana cikin filas.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ya faɗa mini gaskiya, ni ne ban ji ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kun ɗaga hannu, ku sa Inna a ciki.