Rut da Kamyon Gaya

Rut mutuniyar Dogon Dutsi ce. Aure ya kawo ta Yamai, inda mijinta Garba ke aikin jinya a asibiti. Shekarar da ta biyo bayan samun ƴancin kai Garba ya rasu, ƴarsu ɗaya tak, Saratu, tana aure can Maradi. Dangi suka ce ta koma gida, ta ƙi. Ta zauna a ɗakinta na unguwar Yantala, kullum da safe ta ɗauki kwandon yaji da daddawa da kuka ta nufi ƙaramar kasuwa, ran Lahadi ta je majami'a.

A kasuwa tana da maƙwabciya, Balkisa, Bazabarmiya mai sayar da albasa, wadda Hausarta ta ciniki ce amma ba ta rasa ta ba'a. Kwano ɗaya suke ci da rana. Balkisa ta tashi salla, Rut ta tsare mata kaya. Duk faɗin Yamai, nan ne kawai Rut ke dariya har haƙoranta su bayyana.

Wata damina, Jibo mijin Balkisa ya shirya tafiya Gaya sayo doya. Ana gobe zai tashi, Rut ta ce, “Balkisa, hankalina bai kwanta da tafiyar nan ba. Na yi mafarkin ruwa ya cika mota.”

Ta faɗa ne kamar yadda mutum kan faɗi mafarki, ta ci gaba da auna yaji. Balkisa kuwa ta ɗauki maganar ta kai gida, ta tasa Jibo da kuka da rigima har kamyo, babbar motar da zai shiga, ya tafi ya bar shi. Bayan Doso, inda ruwa ya cinye hanya, kamyon ya kife, mutane da dama suka mutu.

Kafin mako ya zagayo, babu wanda bai ji labarin a kasuwa ba. Jibo da kansa ya zo ya durƙusa gabanta da zakara a hannu. Mata suka fara zuwa, su sayi yaji kaɗan, su tsuguna, su yi ƙasa da murya. Wannan ɗanta ya tafi Kumasi babu labari, waccan awarwaronta ya ɓace, wata tana so ta san ko mijinta zai samu aikin gwamnati.

“Ni ban san komai ba,” in ji Rut. “Mafarki ne na yi, ya zo daidai.”

Sai su kaɗa kai su ce ai masu gani na gaskiya haka suke, ba sa yarda su faɗa.

Abin ya dami Rut, har ita ma ta fara shakkar kanta. Sai ta shiga lura. Duk abin da ya faɗo mata a rai da safe, ta riƙe shi ta ga ko zai faru. Ta ji a jikinta Saratu na hanya, Saratu ba ta zo ba. Ta yi mafarkin wuta a rumfar mahauta, rumfar na nan lafiya. Wata rana ta tuna da wata tsohuwar ƙawa, sai ga ta a kasuwa, gabanta ya faɗi. Amma da ta nutsu ta ga sau nawa ta tuna da matar nan ba ta gan ta ba.

Ta kai wa Balkisa wannan. “Kin manta bara na ce akuyarki tagwaye za ta haifa, ta haifi ɗaya?”

“Wannan akuya ce,” in ji Balkisa. “Jibo fa mutum ne, ga shi yana yawo da ƙafafunsa.”

Ba ta yi dariya ba. Tun ranar kamyon nan Balkisa ta daina yi mata ba'a. In suna cin abinci sai ta riƙa satar kallon fuskarta, in Rut ta yi ajiyar zuciya sai Balkisa ta tsame hannu daga kwano ta ce, “Me kika gani?”

Maganar ta kai majami'a. Fasto Bitrus, dattijo daga Maradi, ya zo Yantala da yamma ya zauna bisa tabarma. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, “Ƴar'uwa, an ce kakarki ƴar bori ce. Ban zo da zargi ba. Ina so in ji daga bakinki.”

“Gaskiya ne, Baba Fasto, kakata ta yi bori. Ni ban gada ba.” Sannan ta ce, “Ranar da Garba ya faɗi a wurin aiki, ina nan tsakar gida ina daka. Waƙa nake yi. Na dafa masa miyar da yake so, na rufe, ina jiransa. Har mai kawo saƙo ya yi sallama ban ji komai a jikina ba. In da ina gani, shi zan fara gani.”

Fasto ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yarda da ita, ya yi addu'a, ya tafi. Amma matan zumuntar majami'a sun riga sun yanke nasu hukuncin. Ran Lahadi sai Rut ta tarar bencin da take zama da fili dama da hagu.

Ƙanwar Balkisa, Zeinabou, tana da tsohon ciki. Wata rana Balkisa ta kawo ta, ta ce, “Don Allah, Rut, dube ta. Lafiya za ta sauka?”

Rut ta dubi yarinyar, ƙafafu a kumbure, ido ya yi fari. Tausayi ya kama ta, ta kau da kai. “Ban sani ba. Ku kai ta wurin ungozomar asibiti, kada ku jira naƙuda.”

Sun kai ta, amma a makare. Zeinabou ta tashi, jaririn bai zo da rai ba. Da Rut ta je gaisuwa, Balkisa ta fito ta tare ta a bakin ƙofa, idonta jawur.

“Kin kau da kai ranar nan. Na gan ki. Kin gani kika ɓoye mini.”

“Balkisa, ban ga komai ba sai kumburin ƙafa, wanda ke ma kin gani.”

“Na Jibo kin faɗa. Wannan kika yi shiru.”

Washegari Balkisa ta kwashe albasarta ta koma wani layi.

Daga nan Rut ta kama bakinta. Ko hadari ya haɗu ba ta cewa za a yi ruwa. In ta haɗu da mai ciki ko mai shirin tafiya, sai ta dubi ƙasa, shi ma a ce da dalili. Daga baya ta bar kasuwar ɗungum, ta karɓi ɗan fili a bakin kogi tana shuka salati da tumatir, masu sari su zo su ɗauka. Tana ban ruwa tana kallon jirgin fito yana kai mutane ƙetare yana dawowa. Wani lokaci yini guda ba ta furta komai sai amsa gaisuwa. Har a lokacin, jefi-jefi wata baƙuwa kan biyo kwatance ta zo lambun da tambayarta. Rut takan ba ta ruwa ta sha, ta ce ba ta sani ba, ta raka ta bakin hanya a hankali, don ta ɗan ƙara jin muryar mutum.

Rut ta rasu ana cikin aikin gadar kogi, bayan zazzaɓi na ƴan kwanaki. Saratu ta zo daga Maradi. Wurin zaman makoki wata mata ta ce ai marigayiya ta san ranarta, don an tarar ta share ɗakinta tas, ta kife tukwane.

Saratu ta ce, “Inna kullum haka take barin ɗakinta.”

Matar ta ce, “Allah sarki,” ta juya ta ci gaba da ba na kusa da ita labarin.