Mai Jera Rayuka a Tasha

Sau ɗaya tsohuwa mai ayaba ta taɓa faɗa da shi, ranar da ya tsaya gaban tirenta ya ce wani ilimin ɓoye ya nuna masa rayuka hawa bakwai ne, ita tana na ƙasa, cikin masu bautar ciki.

"To, na sama, matsa, kana tare mini ciniki!"

Har yau yana zuwa tashar. Ba ya shiga mota, ba ya iya zama. Dogo ne, riga ta yi masa yawa, ga ɗankwalin mace ɗaure a jakarsa. Ya je ƙofa, ya dawo, ya buɗe littafi, ya rubuta wani abu a hawa na huɗu, ya goge, ya mayar na biyar.

Ko bihim ba ta sani ba, amma ta gane rubutun kullum ɗaya ne, gajere kamar suna. Ranta ya ba ta mai ɗankwalin ta rasu.

Ta miƙa masa ayaba biyu.

"Malam, takardar ta kusa hujewa. Sa baiwar Allah a na bakwai, ka bar ta ta huta."