Goshin Jikan Hajiya

Jama'a, yau na tafka abin kunya a wani kafe na intanet a Kwararafa, har yanzu na kasa ɗaga kai!

Na je gwada sabon burauzan nan na shiga intanet da ake ta yayatawa. Oga mai kafe ya bar ni na sa shi a kwamfutar da nake kai. Sai da na danna na amince, sannan na koma karanta sharuɗɗan. Me zan gani? Wai duk abin da ka rubuta ko ka tura ta cikinsa, kamfanin na iya amfani da shi!

Na miƙe zumbur. "Kowa ya tsaya! Ana kwashe mana sirri!" Na fizge wayar wuta daga bango. Kwamfutocin suka mutu ɗif!

Oga ya taso a fusace. "Kai Sani, lafiyarka? A taka kaɗai ka sa abin nan fa!"

Wallahi sai lokacin na tuna.

Ashe kusa da ni wata Hajiya ce daga unguwar Ali Kazaure, an kawo ta ta ga hoton jikanta da aka haifa a Sudan. Tun ɗazu hoton ke buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama, ta ƙura masa ido. Oga ya mayar da wuta, intanet ya ƙi dawowa!

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dube ni.

"Ɗan nan, goshinsa kawai na gani. Amma sak na babansa."